Loma ta Arba'in

Ranar Talata 12 ga Afrilu 1994, da ƙarfe sha biyu da rabi na rana, majalisar shawara ta garin Tawa ta ƙi amincewa da takardar da za ta miƙa sharar tituna da kisan karnukan gari ga ɗan kwangila. Mutum bakwai suka ce a'a, shida suka ce i.

Ɗan kwangilar Alhaji Ɗangana ne, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe mu tun rasuwar babanmu, kuma shi ne waliyyina. Wanda maganarsa ta juya zaman Hashimu ne, ma'aikacin kula da lafiyar bisashe, mutumin da danginsa za su kawo goron neman aurena ranar Juma'ar wannan makon. Ni kuwa ina ƙarshen tebur da bik, wato biro, a hannu, don ni ce sakatariyar da ke rubuta abin da kowa ya faɗa.

Sunana Zalika. Shekaruna ashirin da uku a lokacin. Zan faɗa muku yadda aka yi, har da wuraren da ban yi abin kirki ba, kuma guda biyu ne.

Kada ku ɗauka Baffa Ɗangana mutumin banza ne. Garin ya yi datti da gaske. A da 'yan samariya, ƙungiyar matasan gari, ke fitowa da tsintsiya da kiɗa su share unguwa unguwa. Bayan Taron Ƙasa da ya kawo jam'iyyu wannan ya watse, kowa ya koma jam'iyyarsa. Darajar sefa ta faɗi a watan Janairu, kayan gyaran mota suka ninka, motar kwasar shara ta fi daɗewa a gareji a kan titi. A watan Fabrairu wani mahaukacin kare ya ciji mutum uku kusa da mayanka, cikinsu har da wata mai fura da duk unguwarmu ta sani. Baffa mutum ne da ke sa a share ƙofar shagonsa sau biyu a rana. Ya tafi Ƙonni ya sayo tsohon kamyo, babbar motar kaya, ya sa aka shafe shi da koren fenti, ya yi wa magidanta ashirin na unguwa alkawarin aiki. Ya yi imani zai gyara garin, kuma a kan shara ina ganin da ya iya.

Hashimu kuwa a ƙasa na fara ganinsa, yana rarrafe.

Shekara guda kafin wannan zama ne, cikin zafin bazara. Sarwisinsu, wato ofishin kula da bisashe, shi ke kashe karnukan da ba su da masu su. Sai an yi shela kwana uku, da Hausa da Buzanci da Fillanci, kowa ya ɗaure nasa, sannan da asuba a ajiye lomomin nama masu guba a wuraren da karnukan ke taruwa. Hashimu ke ajiyewa, kuma yana da ƙa'ida: kowace loma da lambarta da wurinta a cikin littafinsa. Kafin hantsi, kowace lamba sai ta samu amsa, ko dai mushen kare a gefenta, ko kuma naman ya dawo cikin bokitinsa. A ranar ya ajiye arba'in. Ya samu amsar talatin da tara.

Tun ƙarfe bakwai yake bin lungu lungu. Na dawo daga aiki da azahar na tarar da Inna tsaye a ƙofar gida, ta rufe baki da gefen mayafi, tana kallon wani dogon saurayi cikin shuɗiyar rigar aiki, gwiwoyinsa a ƙasa, yana leƙa magudanar ruwan wanka ta bayan katangarmu. Inna ta ce ko dai ya yar da albashinsa, ko kuma an yi masa asiri. Ta shige ciki.

Da la'asar ya same ta. Shirwa ce ta ɗauka ta yar, tun daga bakin mayanka har ƙofar gidanmu. Tana ƙarƙashin dakalin zauren Baffa, an turbuɗe ta da ƙasa rabi. A kan wannan dakali autar Baffa, Ilham, ke wuni. Shekarunta biyu a lokacin, kuma duk abin da hannunta ya taɓa bakinta ne masaukinsa.

Ni kaɗai ce a wurin. Ya sa safar roba ya ɗauke naman, ya kankare ƙasar wurin da ƙaramin shebur har zurfin taƙi, ya zuba a bokiti, ya rufe. Sannan ya roƙe ni in zuba masa ruwa da sabulu. Ya wanke hannu har gwiwa. Ya ce zai rubuta wa shugabansa abin da ya faru, amma kada in faɗa wa mutanen gida, don ba abin da za su samu sai tsoro.

"An same ta, shi ke nan," ya ce. Na yi masa alkawari.

Daga nan aka fara. Yakan kira wayar ofishinmu ƙarfe sha biyu da rabi, lokacin da manya suka tafi cin abinci. Tina, mai haɗa waya, ita ke miƙo mini, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa tana saurare ba. Ta ce ba ta taɓa jin saurayin da ke tambayar budurwa ko ta sha ruwa ba, sai ka ce maraƙi.

A gida sunansa "mai karnuka". Gwaggonina suka ce ina aka taɓa ganin ɗiyar gidan Alhaji, wadda ta yi lakkol, karatun boko, har ta iya bugun keken rubutu, ta ɗauko mai taɓa mushen kare. Inna ba ta hana ba, ba ta kuma goyi baya ba. Duk ranar da ya zo gaisuwa sai ta ware kwanon da ya sha ruwa ta wanke shi daban. Baffa ne ya yi abin da ya kamata. Ya aika Tebaram, garin su Hashimu, aka bincika masa. Da amsa ta dawo ya ce yaron ba shi da komai, amma ba a same shi da komai ba. Ya sa ranar Juma'a 15 ga Afrilu a kawo goro.

Mako guda kafin zaman majalisa aka aika wa sarwisin bisashe kofin takardar Baffa don su ba da shawara. Shugabansu yana Yamai, sai ta faɗa hannun Hashimu. Ranar Alhamis ya kira ni, muryarsa ba yadda na saba ba.

Takardar ta ce za a zuba nama ranar Asabar da yamma, a kwashe mushe ranar Lahadi da safe tare da sharar kasuwa, cikin kamyo ɗaya, tafiya ɗaya, don a rage mai. Za a zubar da duka a babban jujin gabas. Ba shela, don in an yi shela mutane kan ɓoye karnukan da ya kamata a kashe. Duk karen da ba shi da abin wuya, na banza ne. Adadin lomomi kuwa, takardar ta ce "gwargwadon buƙata".

Na tambaye shi abin da zai yi. Ya ce zai je ya faɗi abin da ya gani.

Ga abu na farko da ban yi na kirki ba. Na san akwai rangadin allurar bisashe wajen Tebaram a wannan makon, na kuma san in ya tafi, wanda za a turo a madadinsa zai ce ba su da ja, ya zauna. Ban iya faɗa ta waya ba saboda Tina. Na yago takarda na rubuta, na soke ta cikin fayil ɗin da ke zuwa sarwisinsu:

"Ka tafi rangadi. Kwana uku ne tsakanin Talata da Juma'a. In an ɗaura, ka gyara masa takardar a cikin gida, a matsayin suruki. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Amsar ta zo ranar Litinin cikin wannan fayil ɗin, da ƙananan haruffansa masu kama da lambobi:

"Na je shagonsa Asabar, na je Lahadi. Ya ce maganar aiki sai a majalisa, kada a ce ya saye ni da ɗiya. Yana da gaskiya. In aka sa hannu gobe, Asabar mai zuwa za a zuba nama. Ki gafarce ni. Kin sha ruwa?"

Na yayyaga ta. Daga baya na tsince guntayen daga kwandon shara na adana, suna nan har yau.

Ranar Talata na sa atamfata mai ruwan ƙasa da fararen tsuntsaye, wadda na ɗinka don Juma'a. Ban san dalili ba. Ina jin na so ya gani ya tuna. Wuta ta ɗauke tun tara, fanka ba ta juyi, an buɗe tagogi duka. 'Yan majalisa goma sha uku suka yi awa biyu suna ja. Wasu suka ce gwamnati ta gaji, a ba mai iyawa. Wasu suka ce tsofaffin mata masu shara fa, ina za su? Wani ya ce kare najasa ne, a gama da su duka a huta. Wani ya ce masa ai ko a jam'iyyarku akwai masu haushi, ba a kashe su ba. Aka yi dariya, shugaban zama ya buga tebur, ni kuma na rubuta "an yi musayar ra'ayi".

Baffa ya miƙe cikin farar shadda mai aikin wuya ruwan zuma. Ya yi magana mai kyau. Ya ambaci mai fura da sunanta, ya ce ɗiyanta huɗu. Ya ce shi ba riba ta kawo shi ba, kunyar baƙi ce, masu shigowa Tawa su toshe hanci. Na duba fuskoki, na ƙirga masa ƙuri'a tara.

Sai aka kira sarwisin bisashe.

Hashimu ya shigo da shuɗiyar rigar aikinsa, ya goge ta har ta yi layi, littafinsa a hannu. Kafin ya je wurin tsayawa ya ratsa ta gaban Baffa, ya durƙusa ya gaishe shi. Baffa ya amsa. Hashimu bai dube ni ba, bai dubi atamfar ba.

Ya ce ɓangaren shara yana da kyau, da za a raba shi a ba Alhaji yau da shi ma ya yi murna. A kan karnuka kuwa abu uku ya gani. Na farko, Asabar da yamma ita ce lokacin da makiyaya ke sauka a bakin gari don kasuwar bisashe ta Lahadi, kowa da karnukansa, kuma karen makiyayi ba ya sa abin wuya. Mutum ya yi tafiyar kwana huɗu daga arewa, ya tashi da safe ya ga karen da ke tsare masa garke a mace, ba wanda ya gargaɗe shi. Ya ce a yadda arewa take a bana, da tawayen da ake yi, shi ba zai so a ba kowa wannan dalilin ba.

Na biyu, jujin gabas.

Akwai wani dattijo a majalisar, Malam Ciɗo, manomi daga hanyar Kalfu, wanda tun farkon zama yake gyangyaɗi da sandarsa tsakanin ƙafafu. Yana jin an ce jujin gabas ya buɗe ido.

"Wane juji? Namu?"

Aka ce masa na gari dai.

"Na gari har ya ruɓe, in ya ruɓe namu na," ya ce. "Wanga wata duk amalanken Kalfu can suka kwasar taki. Awakinmu can suka kiwo. Mushen kare mai guba za a zuba muna ciki, mu kai gona?"

Hashimu ya ce gubar ba ta mutuwa da mutuwar kare. Ungulun da ta ci mushen za ta faɗi, kazar da ta tona wurin ma haka. Shi ya sa su suke haƙa rami mai zurfi a bayan gari, su ƙone, su zuba farar ƙasa, su rufe.

Na uku tambaya ce, kuma Baffa ya yi wa ita, muryarsa ƙasa ƙasa. Loma nawa za a zuba, kuma wa zai koma ya ɗauko waɗanda ba a ci ba?

Baffa ya ce yaransa ba makafi ba ne. Sannan ya gyara hula, ya yi tambayar da na tabbata ya ɗauka za ta kashe maganar.

"Kai da kake ƙirga, ba ka taɓa ɓad da loma ba?"

"Na taɓa, Alhaji. Sau guda, bara."

"To, ka gani."

"Na same ta da la'asar."

"Ina?"

Bik ɗina ya tsaya. Kalma biyu kawai yake buƙata. Da ya faɗe su a gaban mutum goma sha uku, da an daina jayayya nan take, da kuma har kasuwa an ji cewa mai neman kwangilar guba bai san ta wuni a ƙofarsa ba sai da mai karnuka ya tsince.

"Cikin gari," ya ce.

Aka kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu. Bakwai da shida. Aka bar karnuka a hannun sarwisin bisashe, aka ɗage maganar shara sai bayan damina, a kawo sabuwar takarda. Da aka tashi Hashimu ya sake zuwa gaban Baffa. Wannan karon Baffa ya wuce kamar ba kowa a wurin.

Na tarar da koren kamyon a ƙofar gida, magidanta biyar cikin ashirin ɗin suna zaune a inuwarsa. Ba wanda ya amsa sallamata da ƙarfi. A tsakar gida gwaggonina sun riga ni da labari. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce in cire atamfar nan in ninke, ba a san ranar da za ta yi amfani ba. Tina ta gaya mini washegari cewa Hashimu ya kira sau biyu. Ban karɓa ba. Ta ce in ba na so in bar mata, ita tana shan ruwa sosai.

Ranar Laraba bayan la'asar Baffa ya aika a kira ni zaure. Yana zaune a kan buzunsa, rediyo a kashe. Ta ƙofa ina hango Ilham a kan dakali, tana tauna murfin kwalba.

"Kin san zai yi?"

Na ce na sani. Na ce na ma rubuta masa ya tafi rangadi.

"Ke kin roƙe shi, yaƙ ƙiya?"

"I, Baffa."

"Kwana ukku kahin goro."

"I."

Ya ce mutumin da bai ji roƙon wadda yake nema ba tun ba a ba shi ita ba, me zai ji in an ba shi? Ya ce shi bai damu da kamyo ba, ƙarfe ne, ana sayarwa. Mutum ashirin ya yi wa alkawari. Ya ce in gaya masa dalili ɗaya da zai sa ya zauna da dangin yaron nan jibi.

Ga abu na biyu. Na yi wa Hashimu alkawari ba zan faɗa ba, shi kuma ya riƙe nasa ɓangaren a ranar da faɗar za ta amfane shi. Ni ban kai awa talatin ba.

Na ce, "Baffa, ka tambaye shi inda ya sami lomar."

"Yac ce cikin gari."

Na nuna dakalin. Na faɗa masa komai: shirwar, rarrafen da Inna ta gani, awa tara, da ƙasar da ya kankare.

Baffa ya tashi, ya fita ba takalmi, ya tsaya a gaban dakalin. Ya tambaye ni ta wane gefe. Na nuna masa. Har lokacin wurin ya ɗan fi sauran zurfi. Ya sunkuya ya zare murfin kwalbar daga bakin Ilham, ta sa kuka, ya ɗauke ta ya saɓa a kafaɗa.

"Mi ya hana shi hwaɗi jiya?"

Na ce ban sani ba, sai dai a tambaye shi.

"Tashi ki shiga gida," ya ce.

Ranar Juma'a baffannin Hashimu biyu suka sauka daga motar Tebaram da hantsi, rawunansu sun yi ja da ƙasar hanya. Ba wanda ya aika musu kada su zo, don haka suka zo. Sun kawo goro cikin ƙaramin buhu, an naɗe da ganye, an ɗaure bakin da igiyar kaba. A gidanmu abin a fili yake: in waliyyi ya kwance igiyar ya sa aka raba, an ba da, in ya sa aka mayar wa masu shi, an hana.

Baffa ya tarbe su da kyau. Aka kai musu ruwa da fura, suka tafi masallaci tare, suka dawo aka ci tuwo. Ni ina ɗakin Inna, na sa atamfar duk da haka, ina jin muryoyinsu ta katanga. An yi maganar damina, an yi maganar tsadar dusa. Da suka kawo maganar da ta kawo su, Baffa ya ce su ajiye, za su ji. Suka jira har la'asar, motar ƙarshe za ta tashi, suka yi sallama.

Ranar Asabar makiyaya suka sauka a bakin gari da karnukansu, suka ci kasuwa Lahadi, suka koma da su. Ranar Litinin na karɓi waya. Na faɗa wa Hashimu na karya alkawari. Ya tambaya ko an cike ramin ƙarƙashin dakalin, don in ruwa ya sauka zai taru a wurin.

A ranar goron ya kwana uku a kusurwar zaure, kusa da buzun Baffa. Igiyar tana yadda aka ɗaure ta a Tebaram. Baffa bai kwance ba, bai mayar ba, bai kuma yi wa kowa maganarsa ba. Amma goro ba ya son zafin Afrilu, kuma Inna ta ce kowace safiya, in ya dawo daga masallaci, shi da kansa yake ɗaukar buta ya yayyafa wa buhun ruwa.